Salula a daren ambaliya: me ke saura idan wuta da rezo suka tafi?

Duk wanda ya yi damana a Yamai ya san yadda daren ruwa mai iska yake farawa. Ƙura ta taso daga gabas, kwanon rufi ya hau kuka, kafin ɗigon farko ya sauka an ɗauke wuta. Sai kowa ya laluba aljihu. Da salula ake haska ɗaki a ga inda yake yoyo, da ita ake kiran dangin da ke Harobanda, ƙetaren kogi, a ji ko ruwa ya shigo musu, da ita ake leƙa WhatsApp a ga abin da mutanen unguwa ke cewa. Awa biyu ana haka batir ya koma ja, ruwa kuma bai tsaya ba. Katangar laka kuwa ba da farkon ruwa take faɗuwa ba, sai ta sha ta ƙoshi, can tsakar dare, lokacin da wayar gidan ta riga ta mutu.

Mun ɗora wa salula kaya fiye da yadda muka lura. Ita ce tocila, ita ce rediyo, ita ce littafin lambobin dangi, a cikinta kuɗin cefane suke kwana. Amma ita kanta da ƙafafun aro take tsaye. Wutar da take sha ta NIGELEC ce, kamfanin lantarki na ƙasa. Muryar da take ɗauka sai ta bi ta wani dogon ƙarfe da ke bayan unguwa, wanda shi ma wuta yake ci. Intanet kuwa, tun da ƙasarmu Nijar ba ta da bakin teku, ta igiyoyin da suka ratso ƙasashen maƙwabta yake iso mu. Masifa idan ta zo waɗannan ƙafafun take fara sarewa, kuma a ƴan shekarun nan mun ga an sare kowace ɗaya a gaban idonmu.

A damanar 2020 kogin Isa, wato kogin Neja, ya haura santimita 620, ma'aunin da ake ɗauka a matsayin jan gargaɗi a Yamai, ya ci gaba da hawa har wajen 700 a watan Satumba. Datsiya ta ɓalle, ruwa ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoy da Saga, mutane suka fita da abin da hannu ya iya ɗauka. A 2024 abin ya game ƙasa: kusan mutum 400 suka rasu, ambaliya ta shafi sama da miliyan ɗaya da rabi, a watan Agusta ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga babban birni, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. A farkon Agustan 2023 Najeriya ta katse layin da ke kawo kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da muke samu, muka yi watanni ana ba mu wuta da awo. A ƙarshen Fabrairun 2021 kuma, bayan zaɓe, intanet na salula ya ɗauke kusan kwana goma. Abin da na riƙe daga waɗancan kwanakin shi ne kira yana tafiya, ɗan gajeren saƙo na SMS yana tafiya, rediyo yana magana. WhatsApp da Facebook ne suka yi shiru.

Da tsohuwar zuma ake magani. Abubuwan da suka fi daɗewa a cikin waya su ne suka fi jure wahala. Shi ya sa a ganina shirya babbar waya domin ranar masifa aiki biyu ne: a koya mata yin rayuwar ƙaramar waya mai maɓallai, sannan a zuba mata tun ana zaman lafiya duk abin da ba zai sauku ba ranar da rezo ya tafi.

Batir ne gaba, domin in ya mutu sauran magana ta ƙare. Yawancin Tecno da Infinix da Samsung da ke hannun mutane yanzu batirinsu wajen 5,000 mAh ne, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka. Wannan ya isa kwanaki idan kira da saƙo kawai ake yi, amma bidiyo da hasken gilashi kan cinye shi cikin yini. Akwai kuma ɓarawon caji da ba a cika sani ba, wato raunin rezo. Idan ƙarfen da ke kusa ya mutu, waya takan ɗaga murya tana neman na nesa, kamar mai kiran wanda ke ƙetaren kogi, kuma batir ne ke biyan kuɗin wannan ihun. Shi ya sa za ka ajiye ta ba ka taɓa ba, ka waiwaya ka tarar ta zube. Maganinsa maɓallin nan mai hoton jirgin sama. A danna shi ta daina nema, a buɗe ta minti biyar a kan kowace awa, a tura abin turawa, a karɓi abin karɓa, a sake rufewa. In rezo yana nan amma yana rawa, a shiga saiti a tsayar da ita kan 2G, tsohon tsarin rezo na kira da saƙo, a kashe data da Wi-Fi da Bluetooth, a rage haske, a kunna tsarin tattalin batir. Haska ɗaki kuma a bar wa ƴar tocila mai arha. Asara ce a ƙone cajin da za a kira agaji da shi wajen neman bokitin tarar yoyo.

Batirin ajiya, wanda muke kira pawa bank, yana da nasa sirrin. Lambar da aka rubuta a jikinsa ba ita ce ke shiga waya ba. Wutar da ke cikinsa bolt 3.7 ce, sai an ɗaga ta zuwa 5 kafin ta bi igiya, sannan wayar ta sake saukar da ita, kuma a kowane juyi wani abu yana tafiya a zafi. Abin da ke isa bai cika wuce kashi biyu cikin uku ba. Ke nan mai 10,000 zai cika waya mai 5,000 sau ɗaya da ɗan ƙari, idan na gaskiya ne. Kasuwa kuwa cike take da masu lambar ƙarya. Wanda aka rubuta wa 50,000 amma ka ɗaga ka ji shi sakayau, bar wa mai shi kayansa. Wanda ka saya kuma ka gwada shi a gida ka ga sau nawa yake cika wayarka, kada daren ruwa ya zama ranar gwaji.

Zafi ma yana cin batir, ci na har abada. Masu ƙera waya suna ba da shawarar kada a yi aiki da ita a zafin da ya wuce digiri 35, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna ganin 45 a Yamai da Tawa. Wato bazara ce ke raunana batir, damana ta zo ta tarar da shi a gajiye. Saboda haka ƙarshen Mayu ne lokacin dubawa. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfi a canza shi nan take, domin yana iya kama wuta. Pawa bank a ajiye shi a inuwa, kada a bar shi cikin mota ko kan taga. Fitilar sola mai kafar caji, ƙaramin pano, ko abin caji da ake haɗawa da batirin mota ko babur, kowanne yana iya tayar da waya idan rashin wuta ya kai kwanaki. A sayi igiya ta biyu a ajiye, don sau da yawa ita ke lalacewa ba a sani ba.

In hadari ya haɗo da la'asar, a cika duk wayoyin gida tun wuta tana nan. In an fara tsawa kuma a zare su daga bango. Salula ba ta jawo aradu kamar yadda ake faɗa, haɗarin yana cikin igiyar da ke haɗe da wutar gida. Ralonj da ke yashe a ƙasa a ɗaga shi sama, in ruwa ya fara shigowa ɗaki a kashe wuta daga kwantar lantarkin gida tun ƙafa ba ta jiƙe ba.

Yanzu rezo. Kowane ƙarfe yana da iyakar kiran da zai ɗauka a lokaci guda. Da masifa ta auku kowa ya ɗaga waya, sai hanya ta cushe kamar gadar Kennedy da yamma, ka ga sandunan rezo cike amma kira ba ya shiga. SMS ta wata ƴar siririyar hanya yake bi, wadda waya ke gaisawa da ƙarfe ta cikinta, kuma ƙiftawar ido ta ishe shi wucewa. Abu mafi muhimmanci, idan wayar wanda ka aika wa tana kashe, saƙon yana jira a wurin kamfani har ta buɗe. Wannan ne ya sa dabarar rufe waya a buɗe duk awa take aiki: kira zai ɓace, saƙo zai jira. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da ka sa masa ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ ɗaya tak, sai ya koma 70, abin da ya wuce haka a raba shi gida-gida, kowane gida da nasa kuɗin da nasa jiran. Ina cikin masu son a rubuta Hausa da ƙa'idarta, amma a irin wannan dare a rubuta k da d da b kawai. A faɗi inda ake, da halin da ake ciki, da lokacin da za a sake buɗe waya.

Layi biyu na kamfanoni daban, cikin Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom, yana ƙara dama, ko da yake wani lokacin kamfani biyu kan hau ƙarfe ɗaya, in ya mutu su mutu tare. Layin na biyu a riƙa motsa shi, a bar masa ɗan kiredi na kira, domin layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani na iya rufe shi. Masu zuba duk kuɗinsu a forfen intanet su tuna da 2021. Lambobin gaggawa uku ne: 18 ƴan kwana-kwana, 17 ƴan sanda, 15 motar asibiti ta SAMU. In an same su kada a fara da kuka ko dogon labari. A fara da wurin, sannan abin da ya faru, sannan yawan mutanen da abin ya shafa, kuma a tura yaro babba ya tsaya bakin kwalta ya tarbi motar.

Faɗin wurin ma aiki ne a garinmu. Kwatancenmu na bayan farmasi ne, kwana ta biyu bayan gidan mai, kusa da masallacin da ke da koren fenti. Da rana wannan ya isa. Da dare, ba wuta, ruwa ya shafe hanya, wanda ba ɗan unguwa ba zai yi ta yawo. Mutane da yawa ba su san cewa GPS ba ya bukatar intanet ko kiredi ba. Saurare kawai waya take yi daga taurarin ɗan'adam, ta lissafa inda take. Taswirar da za a ga wurin a kanta ce ke bukatar intanet, ita kuma ana iya saukar da ita tun yau: Google Maps yana barin a ajiye yanki guda a cikin waya, Organic Maps da OsmAnd kuma suna saukar da ƙasar gaba ɗaya. Ka tsaya a ƙofar gidanka, ka danna wurin ka riƙe, lambobi biyu za su fito. A Yamai ta farko da 13 take farawa, ta biyu da 2. Ka kwafe su da aƙalla lamba huɗu bayan ɗigo, wannan ya isa ya kai mutum kusan mita goma daga ƙofarka. Ka ajiye su cikin saƙon da ka riga ka rubuta, tare da kwatancen baki, ya zama turawa kawai ta rage.

Sai dai duk wannan bayanin yana ɗauka cewa mai wayar yana karatun boko kuma yana gida, abin da sau da yawa ba haka yake ba. Babbar waya takan fita da maigida. Yana kasuwa, ko yana gadi, ko yana kan hanyar Dosso, a gida kuwa mata ne da yara da tsofaffi, da ƴar ƙaramar waya da batirinta ke ɗaure da roba. Yawancinsu da saƙon murya suka saba, shi kuwa sai da intanet. Wayar da ya kamata a fara shiryawa ita ce wadda ke kwana a gida. Ƙananan wayoyi masu maɓallai da yawa suna da tsarin kiran gaggawa, a ɗora lambar mutum a kan maɓalli ɗaya, a danna a riƙe kira ya tafi. Wanda ba ya rubutu kuma yana iya tura lamba ɗaya idan an yi yarjejeniya: 1 muna lafiya, 2 mun bar gida, 3 a zo yanzu.

Na yi wa mahaifiyata wannan shirin a gidanta da ke ƙetaren kogi. Na ce, “Inna, in ruwa ya shigo ki danna biyu ki riƙe, ni zai kira.” Ta juya wayar a hannunta, ta ce, “To ɗan nan, in kai ma taka ta mutu fa? Ai ruwan da ya ci ni shi ya ci ka.” Ban da amsa a ranar. Gaskiyarta ce, mutanen gari ɗaya masifa ɗaya ke kama su, ƙarfe ɗaya ke mutuwa a kansu. Daga baya muka ɗora lambar kawuna da ke Tawa a maɓalli na uku, muka yi magana da dangi cewa duk wanda ya samu rezo shi zai fara sanarwa, duk mai neman labari kuma wurinsa zai nema. Mutum ɗaya a wajen gari, mai wuta da rezo, ya fi kira ashirin da ba su shiga. Muka kuma tsayar da wurin haɗuwa a kan tudu idan waya ta ƙi gaba ɗaya. Yaran gidan kuwa na sa su haddace lamba biyu. Lambar ƙasarmu takwas ce kawai, yaron da ke kawo hadda a makarantar allo ba za ta gagare shi ba, kuma da ita zai iya aron wayar kowa.

Rediyon FM da ke cikin yawancin wayoyinmu ba ya cin data ko kiredi, batir ma kaɗan yake sha. A wayoyi da yawa sai an sa abin saurare mai igiya, domin igiyar ce eriyarsa, na Bluetooth ba ya wannan aikin. Muryar Sahel da gidajen rediyo masu zaman kansu suna kawo sanarwar hukumar yanayi da ta jami'an kare fararen hula, da ma'aunin kogi. Wannan ma'aunin abin bi ne ga mutanen bakin ruwa, domin kogin Isa sau biyu yake cika a Yamai: jan ruwan damana da Sirba da Dargol da Gorouol ke zubowa cikin gaggawa a Agusta da Satumba, da kuma ruwan Gine da ke isowa a hankali lokacin sanyi. Na farkon ne ke zuwa ba sallama. A irin waɗannan ranaku WhatsApp kan cika da muryoyin da ba a san mai su ba, wai gada ta karye, wai an buɗe dam, da bidiyon wata ƙasa ko na wata shekara. Jita-jita tana sa mutum ya fita daga wuri mai aminci ya faɗa cikin ƙorama, kuma tana cinye cajin da hanyar da masu neman ceto ke bukata. Abin da ba ka gani ba, ba ka kuma ji a rediyo ba, ya tsaya a wayarka.

Ruwa da waya kuwa maganar gajeriya ce. Leda biyu masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, a ɗaure baki, gilashin yana jin yatsa ta cikin leda. Ko wayar da aka ce tana da IP67, alkawarinta mita ɗaya ne na minti 30 a ruwa mai tsabta, tana sabuwa, ba a cikin jan ruwa mai laka ba. In ta jiƙe a kashe ta, a cire layi, a shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, kada a sa ta caji, a kai wa mai gyara. Binne ta cikin shinkafa ba ya fitar da ruwan da ya shiga ciki.

Bayan ruwa ya janye wata wahalar ke farawa, ta takardu. Katin ɗan ƙasa, takardun haihuwar yara, takardar fili, shaidar karatu, takardar maganin mai hawan jini ko ciwon suga, duk a ɗauki hotonsu a fili yadda za a iya karantawa. Hoto ba ya maye gurbin takarda a ofis, amma yana riƙe lamba da kwanan wata da wurin da aka yi ta, kuma da su ake neman sabuwa. Kada hotunan su tsaya a wayar kaɗai, don ita ma tana iya bin ruwa. A tura su imel, ko ga amintaccen ɗan'uwa a wani gari. A danna *#06# a kwafe lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, mai lamba 15 a takarda, saboda ranar ɓata ko sata. Tun da waya ta zama ma'ajiyar sirri dole a kulle ta, amma jiƙaƙƙen yatsa ba ya buɗe kulle, don haka a riƙe lambar sirri a ka, uwargida ma ta san ta. Android da iPhone duk suna da shafin bayanan gaggawa da ake gani ba tare da an buɗe kulle ba. A sa lambar mutum biyu, da rukunin jini in an taɓa aunawa, da ciwo irin sikila ko asma. Wanda wannan ya yi masa wuya ya rubuta a ƴar takarda ya saƙala a bayan rigar wayar, wanda ya tsince shi a sume nan zai fara dubawa.

Kuɗin da ke cikin Airtel Money ko Moov Money ana iya motsa su da lambobin nan masu tauraro ko ba intanet, muddin akwai rezo. Manhajojin Nita da Amana kuwa sai da data, kuma ko saƙon kuɗi ya iso, sai mai shago ya buɗe yana kuma da tsaba a hannu. Mai kwalekwale da mai kabu-kabu da mai biredi a safiyar ambaliya tsaba suke karɓa. Ƴan jikkuna a ƙananan takardu su kwana cikin leda.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma shirin da ba a gwada ba bai gama zama shiri ba. Wata Juma'a da yamma na koma gidan Inna, na kashe data a wayoyin gidan duka, muka yi kamar daren ya zo. Nan muka gano taswirar ƙanena ba ta sauka ba, abin sauraren da muka ajiye kunne ɗaya ya mutu, layin na biyu kuma ba ko dala a ciki. Muka gyara su kafin magariba. Ledar Inna yanzu tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, da pawa bank da igiya da tocila da takardar lambobi a ciki, taki ɗaya sama da zanen da ruwan 2020 ya bari a bango.